Wa Ya Kai Ƙarata a Kan Nuriyya

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na cire Nuriyya daga makaranta. Na rubuta wa ofishin da ke kula da masu karantar da 'ya'yansu a gida cewa daga yau ni ce malamar 'yata. Doka ta ba ni mako biyu in sanar da su, ni ko kwana ban bari ba. Na tura ta imel, na ɗauki hoton saƙon da wayata, don garin nan in ba ka da shaida ko sunanka ba naka ba ne.

Baban Nuriyya ya miƙe ya shiga kicin. Tamimu haka yake, in abu bai yi masa ba sai ya tashi ya hau wanke kwanuka. Har tukunyar da ban ɓata ba sai da ya wanke. Da ya gama ya ce, "To zaman da makarantar ta kira a kanta ranar Litinin fa?"

Na ce wadda ba ɗaliba ba, wane zama za a yi a kanta? Shekara tara ina koyar da Bayoloji a makarantar 'yan mata a Kano kafin mu zo New York in koma ɗibar jinin mutane a asibiti. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba za ta gagare ni ba.

Maganar matakala ba zan rubuta ta a nan ba. Yara kullum faɗuwa suke yi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, a jirgin ƙasa, da sassafe

Na bar wa Nuriyya aikin lissafi da karatun tarihi a kan teburi, wayarta tana jakata. Ubanta ya riga ni fita, kantin maganin da yake aiki yana Port Richmond, sai ya haɗa da jirgin ruwa. In na dawo da la'asar mu zauna darasi har isha. Na karanta dokar jihar nan daga farko har ƙarshe: awoyi kusan dubu a shekara, ba ta ce safe ba, ba ta ce yamma ba. Ban karya doka ba.

Na ce mata ko wa ya ƙwanƙwasa kada ta buɗe. Ta ce, "Okay, Mama," ba ta ɗago ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na haɗu da Kaneng a lif, tana tare da Nankling.

Kaneng 'yar Jos ce, nas ce, suna hawa na shida mu muna na tara. Tun da muka tare a unguwar Concourse Village ita ce mutuniyata. Ita ta nuna mini inda ake sayar da daddawa, a gidanta muke cin shinkafar Kirsimeti, a gidana suke cin naman layya. 'Yarta Nankling ajinsu ɗaya da Nuriyya tun suna tafiya da goyon 'yartsana.

Hannun Nankling na dama yana cikin farin filasta, an rataye mata shi a wuya. 'Yan ajinsu duk sun yi rubutu a jiki da biro kala-kala. Na kalli lambobin lif ɗin.

Kaneng ta ce, "Maman Nuri, ina kwana? Yaya yarinyar? Tana cin abinci dai?"

Da fara'arta ta faɗa, kamar ba abin da ya faru. Wannan fara'ar ce ban yarda da ita ba. Da ni ce ita, da ko gaisuwa ba zan amsa ba. Mutumin da aka ɓata wa ya yi ta murmushi, akwai abin da ya dafa bai sauke ba.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Makarantar ta sake kira da muryar inji: 'yarki ba ta zo aji ba yau. Kullum sai sun kira. Na buga musu a lokacin hutun cin abinci, sakatariyar ta ce sunan Nuriyya yana nan a rajistarsu har sai ofishin karatun gida ya ce a cire. Na kira ofishin, suka ce saƙona yana kan layi. Ko'ina layi.

An yi ruwa da safe. Da na shigo na tarar da takalmin Nuriyya a bakin ƙofa, a jiƙe. Ta ce shara ta kai. Ramin sharar yana cikin bene, kusa da lif, ruwan sama ba ya zuwa nan. Na gaji, ban ja maganar ba. Mun yi lissafi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan isha

Sun zo.

Mace ce ɗaya, daga hukumar kare yara, da kati a rataye a wuya da takalmin gudu. Ban ko cire kayan aiki ba ta ƙwanƙwasa. Ta kira sunana Zuweira ta yadda ban taɓa jin an kira shi ba. Ta ce an kai rahoto cewa akwai yarinya a gidan nan da ba ta zuwa makaranta, tana kuma wuni ita kaɗai.

Na ce wa ya kai? Ta ce doka ta hana ta faɗa.

Na nuna mata hoton saƙona. Ta duba, ta ce ya yi kyau, amma ina amsar ofishin? Na ce tana kan layi. Ta rubuta. Ta buɗe mini firij, ni Zuweira, a gidana. Ta ɗaga murfin miyar kuka ta tambayi mene ne wannan. Ta duba gadon Nuriyya, ta duba tagogi. Sannan ta ce in ba su wuri, za ta yi magana da yarinyar ita kaɗai. Na tsaya a kicin na bar famfo yana zuba don kada ta ce ina saurare, alhali sauraren nake, ban kuwa ji komai ba saboda famfon.

Da za ta tafi ta ce binciken yakan kai wata biyu. In suka sami hujjar sakaci, sunana zai shiga rajistar jiha. Asibitinmu yana duba wannan rajistar. Abin da ke gaba da haka ba ta faɗa ba, ni ma ba zan rubuta ba. Na san wata 'yar Gini a Harlem da ta yi wata bakwai tana ganin ɗanta a ofis, da mai gadi a tsaye.

Na tambayi Nuriyya me ta gaya mata. Ta ce, "Nothing."

Juma'a, 24 ga Oktoba, da asuba

Ban karya doka ba. Wani ne ya kira. Wanda ya san lokacin fitata.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Wuni na yi ina auna mutane. Mai gadin ƙofar ƙasa yana ganin fitar kowa, amma shi ƙwallonsa yake kallo a waya. Tsohuwar da ke jikin bangonmu ta taɓa ƙorafin ƙamshin daddawa, sai dai ba ta jin kira balle ta ƙirga wa ke gida. Makarantar kuwa sun san ba ta zuwa, amma ta ina za su san tana wuni ita kaɗai?

Har Tamimu na kalla. Yana yanke farce a falo na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Shekara goma sha shida da aure, yau na tambayi kaina ko zai iya. Ya juyo ya ce lafiya? Na ce lafiya.

Nas dole ce ta kai rahoto in ta ga abin da take zargi, aikinta ne, Kaneng da bakinta ta taɓa gaya mini. Kuma mukullinmu na ko-ta-kwana yana wurinta tun shekarar da na kulle kaina a waje.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan isha

Ofishin ya amsa. Sun aiko da fom ɗin tsarin karatu, in cike in mayar cikin mako huɗu. Kowane fanni sai na rubuta littattafan da zan yi amfani da su, da ranakun da zan riƙa aika rahoto sau huɗu a shekara, ga jarrabawa a ƙarshe. Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, duk wannan ruwa ne. Amma har da kiɗa, da zane, da motsa jiki.

Na tambayi Nuriyya me suke yi a darasin kiɗa. Ta ce goge take koyo, irin na Turawa, ita da Nankling a benci ɗaya. Da hannun dama ake jan sa.

A wurin motsa jiki na rubuta hawa da saukar bene. Na goge. Na rubuta tafiya a filin shaƙatawa.

A daren nan na cike na tura. Ba zan ba kowa ƙofa ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da magariba

An mayar da agogo baya, yanzu kafin in iso gida duhu ya yi.

Na tarar da kwano a wanke a kife a kicin. Mai ruwan ƙasa, da ɗan tsagu a baki. Na san shi kamar tafin hannuna. Na shinshina murfin: gwaten acca. Mutum ɗaya ke dafa gwate a benen nan.

Na kira Nuriyya. Ta ce Anti Kaneng ce take kawo mata da rana, ranakun da ba ta da aikin safe. Na ce tun yaushe? Ta ce an ɗan jima. Na ce ban ce kada ki buɗe wa kowa ba? Ta ce ai Anti ba kowa ba ce.

To ga shi nan. Ta shigo da kwanonta, ta ga gida ba babba, ta ga littattafai a rufe, ta sauka ta ɗaga waya. Wace uwa ce za ta dafa wa yarinyar da ake cewa ita ta... Ba zan ƙarasa ba. Babu wannan uwar a duniya. Leƙen asiri ne da murfi a kai.

Na ajiye mata kwanon a bakin ƙofarta, ban ƙwanƙwasa ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da rana

Na sa an canza kwaɗon ƙofa. Tamimu ya karɓi sabon mukulli ya juya shi a hannu, ya tafi wanke kwanuka.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan isha

Ofishin ya dawo mini da tsarin. Wai ban rubuta kayan koyar da zane ba, kuma ranakun rahoton ba su rarrabu daidai ba. Gyara ne na minti kaɗan, na yi na mayar. Amma me ya sa nawa? Na san wata 'yar Kumasi a masallacinmu da ta rubuta shafi ɗaya tak aka karɓa. Ko ofisoshin nan suna magana da juna? Ko akwai alama a jikin sunana?

Matar hukumar ta dawo. Yau ta zauna, har ta karɓi shayi ba ta sha ba. Ta tambayi wa ke tare da Nuriyya da safe. Na ce yarinyar ta girma, doka ba ta yanke shekaru ba. Ta ce haka ne, ta rubuta. Ta ce ta yi magana da makarantar, sun gaya mata an sa ranar zama kan abin da ya faru a matakala, ba mu je ba. Na ce wannan ba ya cikin bincikenta. Ta ce haka ne, ta rubuta.

Ta ce ta kuma zanta da maƙwabta. Wata a hawa na shida ta daɗe tana magana a kaina.

Na ce na sani.

Ta ɗago ta kalle ni, kamar za ta ƙara wani abu, sai ta rufe littafinta.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Na je Fordham Road sayen manja da garin tuwo a kantin Amadou, ɗan Maraɗi. Asabar ce, kantin cike, 'yan Nijar da 'yan Zangon Gana da namu, kowa da kwandonsa. Kaneng tana gaban buhunan acca.

Ita ta fara. Ta ce, "Maman Nuri, na ga kwano. Na zo jiya mukulli ya ƙi. Me na yi miki?"

Na ce ta fi ni sani. Na ce in tana da magana da ni ta hau hawa uku ta same ni, ba ta aiko mini hukuma ta buɗe mini firij ba. Ta ajiye kwandonta, ta ce, "Ni? Ki ji tsoron Allah. Ni zan kira miki mutanen nan?" Amadou yana ta cewa, "Hajiya, haƙuri, Madam, haƙuri, kanti ne."

Da na tsaya nan.

Kaneng tana da ƙane, Davou, da aka kashe a rikicin Jos tun kafin ta zo ƙasar nan. Ba ta faɗa wa mutane. Ni ta faɗa wa, a kicin ɗina, muna yanka albasa, ta ce shi ya sa ba ta son jin ana cewa mu da ku. Na ɗauko wannan a gaban kowa. Na ce haushin Davou take hucewa a kan 'yata. Na ce dama can ba ƙaunarmu suke ba.

Kantin ya yi tsit, sai injin sanyi. Kaneng ta zuba accar da ta auna a buhu, ta karkaɗe hannunta, ta fita.

Ita ta jawo. Duk wanda aka taɓa masa ɗa zai faɗi abin da ya fi haka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da safe

Labari ya riga ni zuwa gida. Tamimu ya ce, "Zuweira, in ba ita ba ce fa?" Na ce in ba ita ba, kai ne? Ya ɗauki hularsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan magariba

Ba gwate, ba kowa. Abincin da nake bar wa Nuriyya ina tarar da shi yadda na bar shi. Ta daina tsefe kanta. Da rana, in ji ta, tana zama a taga tana kallon jirgi yana wucewa.

Yau a kimiyya mun zo kan ƙasusuwan jiki. Fannina ne, na zana mata hannu tun daga kafaɗa, ina ta zuba kamar ina gaban aji a Kano. Ta sa yatsa a wuyan hannun zanen, ta tambaye ni da Hausa, ita da sai an matsa mata take Hausa: "Mama, in nan ya karye gida biyu, yana komawa daidai?"

Na ce yara ƙashinsu yana haɗewa da wuri. Na juya shafi.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Amincewar ta zo. Tsarina ya cika sharuɗɗa, an cire sunan Nuriyya daga rajistar makaranta, ni ce malamarta a idon doka. Na tura wa matar hukumar nan take. Na sayo kaza a hanya. Na shigo ina ɗaga waya sama, na ce, "Mun ci! Ba mai mayar da ke wurin nan."

Nuriyya ta kalli wayar, ta fashe da kuka irin wanda ban ji ba tun tana ƙarama. Da ta samu numfashi ta yi magana, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa ina tsaye da ledar kaza.

Ranar da aka yi ruwa, ta sa kayanta ta tafi makaranta da ƙafa. Ta je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ce a bar ta ta shiga aji, a yi zaman, a yi mata hukuncin da za a yi. Malamar ta ce uwarki ta cire ki, wa ke gida tare da ke? Ta faɗa mata gaskiya. Malamar ta ce dole ne ta sanar, ta kuma gaya mata tun a lokacin. A bakin ƙofar makarantar Kaneng ta gan ta, ta kawo Nankling ganin malamai, ita ta rako ta gida a cikin lemarta. Nuriyya ta roƙe ta kada ta gaya mini. Washegari gwate ya fara zuwa.

Ta ce, "Mama, ni na tura Nankling a matakala. Ba faɗuwa ta yi ba. Kin sani, ban san me ya sa kike cewa faɗuwa ta yi ba."

Na tambayi dalili. Ta ce wata magana ce tsakaninsu, ba tawa ba ce. Ta ce so take ta gaya wa Nankling a gaban kowa, ni kuma na kulle ta a hawa na tara da littafin tarihi.

Na kira matar hukumar, na ce abu ɗaya nake so in sani, ba sunan kowa ba. Maƙwabciyar da ta daɗe tana magana, me ta ce? Ta ce ba za ta karanta mini ba, amma da kowace uwa tana da maƙwabciya irin wannan da aikinta ya yi sauƙi.

Kazar tana kan teburi har yanzu.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun sauka hawa na shida, ni da Nuriyya. A lif na shirya maganata tsaf. Na ƙwanƙwasa.

Kaneng ta buɗe da kayan aiki a jikinta. Ta kalli Nuriyya tukuna. Ta ce, "Kin rame. Shiga, tana ɗaki." Nuriyya ta wuce ta ƙarƙashin hannunta.

Na ce, "Maman Nankling, na zo ne..."

Ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. Hannun 'yata zai warke, likita ya ce. Yara ne, za su shirya ko ba za su shirya ba, nasu ne. Amma ni na ba ki ajiyar Davou a kicin ɗinki, kika kai shi kasuwa." Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Yarinyar ta zo duk lokacin da take so. Ke kam ba yau ba."

Na ce yaushe?

Ta ce, "Ban sani ba, Zuweira."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau. Ta tura ƙofar a hankali har ta rufu.

Na tsaya a barandar. Wani yaro ya wuce da kare, wata mata ta fito da kwandon wanki ta gaishe ni. Daga ciki ban ji komai ba, can sai na ji kuka, ban gane na wacce ba ce.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Na rubuta wa ofishin cewa na janye, na je makarantar na sake sa sunanta. Sakatariyar ta ce jiya-jiya aka cire shi. Na ce na sani. Za a yi zaman bayan hutun mako mai zuwa, wataƙila su dakatar da ita na ɗan lokaci. Binciken hukuma yana nan a buɗe sai cikin Disamba. Tamimu ya ce zai ɗauki hutu mu je zaman tare.

Kaneng ma za ta je, a matsayin uwar wadda aka ji wa ciwo. Sakatariyar ta tambaya ko ina so a raba mana wurin jira. Na ce a tambaye ta ita.